Takunkumi Shida

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mama tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko tarin nan da ka tafi da shi ya sake ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. Baba ma lafiya, sai dai idon nan da yake yi masa ruwa in ya daɗe a shago. Mun koma makaranta, ni aka ba riƙon allon ajinmu. Tun da an ce waya ba ta shiga inda kuke aikin shimfiɗa bututu, zan ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda. Ya ce duk Litinin yake tashi.

Kawu, wani abu ya faru a layinmu wanda har yanzu na kasa mantawa da shi. Ka san Mai Karnuka, wanda yake ba manyan ɗakunan ajiya hayar karnukan gadi? Ya zo shagon waldar Baba da wani baƙin kare a bayan mota. Sarƙa-biyu suke kiransa, don sarƙa ɗaya ba ta riƙe shi. Suna tsaye sai kyanwar mai gyaran takalmi ta gifta. Karen ya fizge, ya cafke ta a ƙugu, ya girgiza ta sau ɗaya ya yar. Ko kuka ba ta yi ba. Mai gyaran takalmi ya taso yana cewa, “Haba Alhaji, wannan ai zalunci ne!” Sai Mai Karnuka ya naɗe bakin sarƙar a hannu ya zabga masa a fuska. Har yau kuncinsa a kumbure yake. Bayan haka ya juyo ya ce Baba ya yi masa takunkumi shida na bakin kare. Baba ya ce to. Wa zai ce a'a?

Sai kuma wata 'yar tambaya, in ba zan dame ka ba. An ba mu aikin hannu a makaranta, ina so in haɗa siririyar waya a jikin zoben ƙarfe. Na tuna ƙaramin injin ɗigon waldar nan da ka haɗa da hannunka lokacin kana koyon aiki a wurin Baba, mai bakin jan ƙarfe biyu da abin takawa. Yana nan a bayan shago, na share masa ƙura. Na gwada, amma in na taka sai wayar ta ƙone ta tsinke. A kan wace lamba zan sa abin murɗawar?

Ka yi haƙuri da tsawon takarda.

'Yarka.

*

Zuwa ga Malama ƙarama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Tari ya tafi, sauro ya karɓi wurinsa. Ki ce wa Yaya ta daina saka ni a rai, ƙaninta ya yi ƙiba. Ki gaishe min da Maigida babanki, ki ce ya riƙa sa gilashi in zai yi walda, ba rufe ido ɗaya da yake yi ba.

Na yi dariya har abokan ɗakina suka ce me ya samu mai walda. Ke da kike ɓuya a bayan ƙofa in kin ga tartsatsi, yau ke ce da inji? Madalla.

Nan ma ba a rasa masu hali irin na Mai Karnuka ba. Hedimanmu, mai kula da lebura, jiya ya kwaɗa wa wani lebura sifana a kafaɗa don ya zauna shan ruwa. Mutumin yana kwance, hannu ba ya ɗaguwa. Kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki, har da ni. Mai Karnuka kuwa, Maigida ya san irinsu. Ya lanƙwasa masa rodi mai kauri, ya kama da babban inji, ya rabu da shi lafiya.

Batun aikin makaranta, abu ne mai sauƙi. Wuta kike ba shi da yawa. Ki mayar da abin murɗawar lamba uku. Ki ɗora wayar a kan zoben, ki sauke bakin injin a hankali, ki taka sau ɗaya ki ɗaga ƙafa. Kada ki danna da ƙarfi, wayar za ta baje ta yi muni. Za ki ga ɗigon ya fito fes, babu ƙuna, babu baƙi. Malami ai da ido yake ba da maki, ba ja zai yi ba. Ki kula da yatsunki, kuma kada ki taɓa injin da jiƙaƙƙen hannu.

In kin zo ta ɗaya, rabin makin nawa ne.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mama lafiya a jiki. Baba ba shi da lafiya. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan fara da laifina.

Ƙarya na yi maka. Babu wani aikin makaranta. Mai Karnuka cewa ya yi ba ya son takunkumin rodi, yana yi wa kare nauyi, na siririyar waya yake so. Babban inji narkar da irin wannan waya yake yi, dole sai injinka. Baba ya zauna gabansa yini guda ya kasa. Kawu, idon Baba ya wuce yadda muke faɗa. Ya ce wayar biyu take zama a idonsa, bai san wacce zai kama ba. Ni na ce ya bar ni in gwada. Sai ya zama in na dawo makaranta in shige bayan shago in yi ɗigon, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa yana bubbuga wani ƙarfe don masu wucewa su ce shi ke aiki. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, har kai. Ya ce ranar da layin nan ya san mai walda ba ya gani, ranar shagon ya mutu.

Na sa lamba uku kamar yadda ka ce. Sun yi kyau ƙwarai. Mai Karnuka da kansa ya juya su a hannu ya ce, “Tsoho, ashe da sauranka.”

Kwana huɗu kacal suka yi. Ƙanin Mai Karnuka, wanda ke wanke karnukan yana ba su abinci, magidanci ne mai mata da 'ya'ya. Ya sa wa Sarƙa-biyu takunkumi zai ɗiga masa magani a kunne. Karen ya buga bakinsa a ƙasa sau biyu, wayoyin suka ɓalle kamar tsinken tsintsiya. Ya kama shi a hannu. An ce daga wuyan hannu har gwiwar hannu a tsage yake, kuma yatsu biyu ba a same su ba.

Ranar Asabar da la'asar suka zo, Mai Karnuka da ƙarti uku. Ina bayan shago, tsakanina da su langa-langa ɗaya, ina leƙe ta hujin ƙusa. Ya jefa wa Baba takunkumin a ƙirji, da jini a jiki. Ya ce, “Wa ya yi wannan?”

Baba ya ce, “Ni na yi.”

“Da wane hannu?”

Ɗaya daga cikin ƙartin ya shaƙo wuyan rigar Baba ya buga shi da bango, ɗaya ya sa ƙafa ya share shi. Suka yi ta ƙwallo da shi a cikin tarkacen ƙarfe. Sannan suka ɗaga shi suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburin ƙarfe. Mai Karnuka ya zaɓi guntun bututu a cikin kayan Baba, ya auna nauyinsa a hannu kamar mai sayen kaya. Sau biyu ya sauke shi. Na ji ƙarar ƙashin, Kawu. Na buɗe baki in ce ni ce, wallahi na buɗe, amma babu abin da ya fito. Sai hijabina na cusa a baki na cije.

Kafin ya fita Mai Karnuka ya ce, “Mako biyu na ba ka. Asabar ta sama zan dawo in tarar da shida sababbi. Zan zaɓi ɗaya in sa wa Sarƙa-biyu, hannun da ya yi aikin kuma a bakinsa za a ajiye shi sai na ƙirga goma. In aikinka na kirki ne, ai ba ka da fargaba.”

An ɗaure wa Baba hannu a asibiti, ƙashi uku ne suka karye. Mama ta ce a kai ƙara. Baba ya ce in aka kai, za a bincika wanda ya yi aikin, ga mutum ya rasa yatsu, kuma shi ba zai ji sunana a bakin kowa ba. Ya ce hannun hagunsa zai miƙa.

Kawu, me na yi ba daidai ba? Don Allah ka faɗa mini da sauri. Hannu ɗaya ya rage masa.

'Yarka.

*

Malama ƙarama,

Sallama da gaisuwa. Wani abokin aikina zai bi ta wajenku, na ce bari in yi miki layi biyu. Ina lafiya. Ki gaida Yaya da Maigida.

To, ya labarin gwanar walda? Ina nan ina ba mutane labari, na ce 'yata ta gaji kawunta. In wani abu ya ɓalle, kada ki tayar da hankalinki, haka kowa ya fara. Ni farkon aikina ƙofa na yi wa wata mata, tana rufewa ta biyo ta. Ki sake ɗiga shi kawai ki shafa fenti a kai, babu wanda zai lura. Ba abin da za a yi kuka a kansa ba ne, ai ba ran wani ne a jikin wayar ba.

Ki ce wa Maigida ya ajiye min kujerata a shago.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Zazzaɓin Baba ya sauka, amma hannun yana hana shi sukuni. Mama ta rame.

Abokin aikinka ya kawo takardarka ranar Juma'a, kwana huɗu bayan na ba direba tawa. Na karanta sau uku a tsaye. Ka ce ba ran wani ne a jikin wayar ba. Ka ce in shafa fenti. Mama ta ce ƙila tawa ba ta kai gare ka ba, in daina kuka. Ƙila haka ne. Amma in ta kai, kuma wannan ce amsarka, to ban san me zan ce ba. Na san ni na yi maka ƙarya. Ka yi fushi da ni, ka zage ni, amma kada ka yi mana dariya. Kai Baba ya koya wa riƙe filaya.

Guduwa ba za ta yiwu ba. Ɗaya daga cikin ƙartin kullum yana zaune a bencin mai gyaran takalmi, yana kallon ƙofarmu yana yanke farce da wuƙa. Shekaranjiya na wuce da kayan makaranta ya ce, “'Yar tsoho, ki ce wa babanki Sarƙa-biyu yana gaishe shi. Mun rage masa abinci.”

Tun da ba ni da mai tambaya, sai na tambayi takunkumin da aka dawo da shi. Na wanke jinin, na sa filaya ina jan wayoyin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ɓas take fita, ta bar ɗan baƙin tabo a zoben, kamar ba a taɓa haɗa su ba. Sai guda ɗaya ta ƙi. Na ja, na murɗa, har wayar ta tsinke a gefe, ɗigon yana nan daram. Na kai shi hasken rana na duba. A daidai wurin da Baba ya goga magagari ne don ya daidaita mahaɗar zoben, ƙarfen ya yi fari tas. Sauran zoben kuwa duk tsatsa ne da baƙin man da Baba ke shafa wa ƙarafansa.

Na je na faɗa masa. Ya ce, “Shekara talatin ina walda ban taɓa goge tsatsa ba. Wuta ce ke cinye ta.”

Na ce, “Baba, wutar babban inji ke nan. Wannan ƙaramin ba ya cinye komai. A kan datti na yi ta ɗiga wayar.”

Ya ce, “Yau ke za ki koya mini ƙarfe?”

Na ce, “Ba ka gani ne, Baba.”

Ban san lokacin da marin ya sauka ba. Da hagu ya yi shi, amma sai da na faɗa kan buhun gawayi, leɓena ya fashe. Tun da aka haife ni bai taɓa duka na ba. Ya tsaya yana kallon hannun. Sannan ya laluba ya ɗauko magagari, ya matse zobe tsakanin gwiwoyinsa ya fara gogewa. Har yanzu ba mu yi maganar ba. Shi yake goge zobban, ni nake duba inda ya tsallake.

Ko a kan farin ƙarfe lamba uku ba ta riƙewa. Bakwai tana ƙone wayar, tartsatsi ya huda mini hannun riga ya ƙone ni a gira. Biyar ce take kamawa, in na danna bakin injin da dukan ƙarfina. Yanzu duk ɗigon da na yi sai na ja shi da filaya. A cikin goma, biyu suna ɓallewa, in sake. Yatsuna duk sun yi bororo, na ce wa malamarmu girki ne. Na gama uku, saura uku, saura kwana biyar.

Abin da ban sani ba shi ne ko ƙarfin filayata ya kai ƙarfin bakin kare.

'Yarka.

*

'Yata,

Sallama. Ba ni da lafiyar da zan ba ki labari. Motar kaya ta lalace a hanya wancan makon, sai yau Alhamis direba ya miƙo mini takardunki biyu a haɗe. Waccan ta wasan na rubuta ta ban san komai ba. Wallahi ban sani ba. Kin rubuta mini labarin takunkumi da labarin waya a takarda ɗaya, ni da nake taƙama da sanin ƙarfe na kasa haɗa su. Lamba uku ta ado ce. Ni na karya hannun Maigida, ba ke ba.

Na je wurin hedima na ce a sallame ni yau. Ya ce ko uwata ce ta mutu sai an gama layin bututun. Na kai masa naushi a baki, haƙorinsa ɗaya ya fita. Masu gadi huɗu suka taru a kaina da kulake, yanzu ina kulle a ɗakin ajiyar siminti, ido ɗaya a rufe. Direba ne ya turo mini takarda da biro ta ƙarƙashin ƙofa. Sun ce sai Litinin za su sake ni.

Ki saurara da kyau. Abin da kika gano daidai ne: farin ƙarfe, lamba biyar, dannawa da ƙarfi, gwaji da filaya. Ki goge ita ma wayar, ki share mai da tsumma. Amma ga babban abin: kada ki bar ɗigo shi kaɗai ya ɗauki nauyi. Ki bar wa kowace waya ɗan tsawo, ki naɗe bakinta sau ɗaya a jikin zoben, ki matse da filaya, sannan ki ɗiga. Ko ɗigon ya saki, naɗin zai riƙe. Waɗanda kika gama ma ki kwance ki sake.

Kuma ki ji ni: kada ki fito ranar Asabar. Kada ki ce ke ce. Ki zauna a ɗaki kusa da Yaya. Maigida ya zaɓi abin da ya zaɓa, ki bar shi.

Allah ya sa wannan ta riga su isowa.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan sun sake ka, kuma idonka ya buɗe. Ka yafe mini abin da na rubuta cikin fushi. Mama ta yi kuka da ta ji an dake ka, ta ce ka biyo mota ta farko. Baba yana nan da sauƙi.

Takardarka ta iso ranar Lahadi. Sun zo ranar Asabar. Ban naɗe ko waya ɗaya ba, don ban san ana yi ba.

Da hantsi suka iso. Kafin su sauke karen layin ya cika, masu shaguna duk sun fito sun tsaya nesa-nesa. Ƙanin Mai Karnuka ma ya zo, hannunsa rataye a wuya, ya rame ƙwarai. Na jera takunkumi shidan a kan teburin ƙarfe na koma bayan langa-langa. Mai Karnuka ya bi su da yatsa, ya ɗauki na huɗu. Shi ne kuwa wanda na yi ranar da wutar lantarki take ta rawa.

Mutum uku ne suka danne karen kafin su sa masa. Sannan ɗaya ya ɗauko guntun tiyo ya yi ta zabga masa a baya har ya haukace, yana tsalle yana shaƙe kansa da sarƙoƙin, kumfa tana fita ta tsakanin wayoyin. Mai Karnuka ya ja layi da ƙafa a ƙasa ya ce, “Tsoho, bismillah. A nan za ka durƙusa.”

Baba ya fito yana naɗe hannun rigarsa na hagu da haƙori. Ya nufi inda yake jin haushin, amma bai ga layin ba. Ya wuce shi. Sarƙa ta harɗe masa ƙafa ya faɗi a kan karyayyen hannun, fuskarsa saura kaɗan ta kai bakin karen. Wani a cikin ƙartin ya yi dariya.

Ban san yadda na fito ba. Na dai ga kaina a tsakiyar mutane. Na ce, “Ni na yi.” Babu wanda ya ji. Na sake faɗa, wannan karon har mai gyaran takalmi ya juyo.

Baba ya ce, “Koma ciki! Ƙarya take yi, Alhaji, yarinya ce, ba ta san komai ba.”

Mai Karnuka ya ce, “Nuna hannunki.” Na nuna. Ya kalli bororon da ƙunar, ya kalli Baba da ke laluben ƙasa yana neman hularsa alhali tana gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Au. Ashe makaho na ba aiki, 'yar makaranta ta cinye wa ƙanina yatsu.”

Ƙanin ya ce, “Yaya, ka bari. Sa'ar 'yata ce.”

“Rufe mini baki. Yatsunka nake rama maka.” Ya juyo gare ni. “Na ce hannun da ya yi aikin. Ban ce na namiji ko na mace ba.”

Biyu suka riƙe Baba. Yana fizga yana kiran sunan Allah yana zaginsu, har ɗaurin hannunsa ya tsage. Na durƙusa a kan layin. Na dunƙule hannun dama na miƙa, na kama gwiwar hannun da hagu don kada ya gudu da kansa. Aka sassauta sarƙa.

Kawu, na ɗauka cizo zan ji tsoro, ashe bugun ne. Kamar a ɗauki guduma a yi ta sauke maka a kan yatsu. Ina jin zafin numfashinsa, ina ganin haƙoran suna buɗewa suna rufewa a bayan wayoyina, tsakaninmu bai kai faɗin yatsa ba. Mai Karnuka yana ƙirgawa a hankali, yana ja kamar mai waƙa. A huɗu karen ya buga bakinsa a ƙasa, kamar yadda aka ce ya yi wancan karon. Ya ɗago, wayoyin suna nan. Ya sake bugawa. A bakwai na ji ƙas, waya ɗaya ta gefen hagu ta ɓalle. Haƙori ɗaya ya leƙo ta wurin ya ja mini bayan hannu, jini ya biyo har cikin hannun riga. Mata suka yi salati. Ban janye ba. Na san in na janye zai ce a sake daga farko, ko ya ce a kawo na Baba. Na zuba wa waya ta kusa da ita ido, ina tuna sau nawa na ja ta da filaya. Ta lanƙwashe, amma ba ta saki ba.

Mai Karnuka ya ce goma. Ƙanin ne da kansa ya ja sarƙar baya da hannunsa mai lafiya.

Mai Karnuka ya tattara sauran biyar ɗin ya jefa a mota. Ya dube ni yana murmushi ya ce, “Kin fi ubanki. Ina da wasu karnuka goma a ɗaya gidan. Daga yau ke ce mai yi mini, kuma kowane sai mun gwada shi haka.”

Sun saki Baba ke nan. Sai ya shige bayan shago. Muka ji ana jan abu a ƙasa. Sai ga shi ya jawo injinka da hannu ɗaya har bakin ƙofa, ya koma ya ɗauko babbar guduma. Bugun farko ya kuskure, ya fasa siminti. Ya sa ƙafa ya taɓa injin ya gane inda yake. Na biyu ya raba akwatin biyu. Ya yi ta bugu, bakin jan ƙarfen ya yi tsalle ya faɗa kwata, abin murɗawar ya tarwatse, bai tsaya ba sai da numfashinsa ya ƙare. Sannan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya ce, “Jama'a, ku shaida. Ni ba na gani, na fi shekara ba na gani. Inji kuma ga shi nan. Babu sauran mai walda a gidan nan. Alhaji, in hannu kake so, ga nawa, ka sa a sare shi yanzu. Nata kuwa ka gama ganinsa.”

Sai mai gyaran takalmi ya taso ya tsaya kusa da Baba, da tasa gudumar a hannu. Mai facin taya ya biyo shi, sai mai kanti, sai wasu da ban ma san su ba. Mai Karnuka ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya tofar da yawu a kan tarkacen injin, ya shiga mota. Mutuminsa bai dawo bencin ba.

An yi mini ɗinki shida da allurai, likita ya ce jijiya ba ta taɓu ba. Baba ya sa an cire allon shago jiya. Bai san abin da zai yi nan gaba ba, mu ma ba mu sani ba. Ya ce in ba ka haƙuri game da injinka, ya san wata nawa ka yi kana haɗa shi.

Ka yi haƙuri da munin rubutun, yatsun a kumbure suke. Mama ta ce in bari ta rubuta mini, na ce a'a. Ina so ka gani da idonka cewa da hannun dama na rubuta.

'Yarka.